Tarin Itacen Uwar Ishaya

Da damina Malam Badaru ya rasu, damina mai ruwa kamar ba za a ɗauke ba. Ya bar matarsa Indo ita kaɗai a Tungar Yamusa, wani ƙauye da ke bayan Gwagwalada, inda suka zo daga Zariya ya kafa ɗan shagon tireda saboda leburorin da ke ginin sabon birnin tarayya. Ba ɗa, ba dangi a kusa. Ta shiga takaba, ba fita, ga shi ɗan itacen da ya rage a madafa duk ya sha ruwa. Kwana uku tana hura wuta, hayaƙi na cika mata ido, tukunya ta ƙi tafasa, har ta haƙura ta koma jiƙa garin rogo tana sha.

Rana ta huɗu da hantsi ta ji an yar da abu mai nauyi a bakin zana. Ta leƙa, sai ga wata doguwar mata baƙa ta sauke dami daga kafaɗa, tana share ruwa a fuska.

Matar ta ce, "Kai ne matan mai shago? Ga wannan, busasshe ne. Ka dafa abu ka ci, kar ka bi mijinka."

Indo ta ce, "Sannu da ɗawainiya, baiwar Allah. Nawa zan bayar?"

"Wannan ba na sayarwa ba ne." Ta juya ta shige cikin ruwa.

Da ashana ɗaya itacen ya kama. Sai da aka shekara Indo ta san inda aka zaro shi.

Sunan matar Lucy, sunan da aka raɗa mata a coci, amma kowa Uwar Ishaya yake ce mata. Bagwariya ce, Gbagyi in ji su da bakinsu, Hausarta ta kasuwa ce, mace da namiji duk "ka" take ce musu. An haife ta a wani ƙauye da yanzu babu shi, titin filin jirgi ya bi ta kansa. Ta auri Zacharias manomin doya, ta haifa masa biyar, ta binne huɗu, daga baya ta binne shi. Kamar sauran matansu, ba ta ɗora kaya a ka. A kafaɗa take ɗauka, har kafaɗarta ta hagu ta yi kanta, ta yi baƙi kamar gindin tukunya.

A ƙauyensu, ran da aka kai yarinya ɗakin miji uwarta kan ba ta gungumen itace ɗaya. Shi ne harsashin tarin itacenta. Daga ranar, duk dawowa daga daji za ta ware mafi kyau cikin abin da ta samo ta ɗora a kai. Itacen girkin yau da gobe daban yake, na sayarwa daban. Wannan tarin ba a taɓa shi. Ana jera shi a kan duwatsu don kada ya taɓa ƙasa, a riƙa barbaɗa toka a gindi, a bar shi a fili iska na ratsa shi. Kuma ba a sa ɗanye. Sai wanda ya mutu da kansa ya faɗi, don a wurinsu macen da ta sare kaɗanya ko ɗorawa mai rai ta zubar da miyar jikokinta. Ran da mai tarin ta mutu, ranar ake rushe shi, a dafa wa masu makoki abinci da shi. Da kwanakin da wutar ta yi tana ci ake auna matar. Za ka ji tsofaffi na cewa wance ta yi kwana biyu, wance ta yi shida. Wadda aka sayo wa itace ran mutuwarta, ko aka roƙo a maƙwabta, ana tuna mata da shi har jikoki.

To daga cikin wannan tarin Uwar Ishaya ta zaro wa baƙuwar da ba ta san ko sunanta ba. Da Indo ta yi mata maganar, sai ta ce, "Ai mutuwa aka yi a gidanka. Don mutuwa nake tara shi."

Tarin nata ya taɓa yin ƙaura. Lokacin da aka tashe su daga tsohon ƙauye, gwamnati ta aiko motoci, aka loda mutane da awaki da turame, direbobi suka ce ba su ɗaukar itace. Sauran mata suka yi kuka suka bar nasu. Ita kuwa ta yi rani guda cur tana zirya a ƙafa, ta fita da sassafe ta dawo da la'asar, dami ɗaya a kafaɗa, har ta kwashe shi tsaf ta sake jera shi a Tunga. Shi ya sa nata ya fi na kowa. Ya fi ɗakinta tsawo, faɗinsa ya kai taku goma, a jere kamar an sa ma'auni. Baƙo in ya zo garin, akan kai shi ya gani kafin a ba shi ruwa.

Da Indo ta fita takaba ba ta koma Zariya ba, don ba ta da wanda za ta koma wa. Ta kama suyar ƙosai tana sayar wa leburori, Uwar Ishaya na kawo mata itacen sayarwa. Da haka suka saba. Indo na ce mata Yaya. In lokacin salla ya yi ita za ta tsare mata kasko, tana cewa, "Je ka gaya wa Allah, ni zan juya." Ran Lahadi kuma Indo ke kore mata awaki daga shanya.

A ƙarshen 1991 aka ce gwamnati ta baro Legas ta tare a Abuja gaba ɗaya. Motoci suka yawaita, kuɗin haya ya tashi, mutane suka cika ko'ina, kowa kuma sai ya ci, kowa sai ya hura wuta. Manyan motoci suka fara shiga daji suna fitowa da gawayi. Ba a jima ba rediyo ya fara maganar daji na ƙarewa. Aka ce an yi doka, an hana sare itace, an kuma ware kuɗi masu yawa don a raba wa matan karkara risho da murhu mai tsimin itace, a kafa fitilu masu aiki da hasken rana, a dasa bishiyoyi. Da Indo ta ba ta labari, Uwar Ishaya ta ji daɗi. Ta ce, "Yauwa. Su kama masu gawayin nan. Jiya na ga sun kayar da ɗorawan da ya girmi ubana."

Wata Laraba sai ga farar mota ta tsaya ƙofar Mai'unguwa Yamusa. Mutum uku suka fito, babbansu wani malamin daji da ake kira Oga Alexander, da wani mai ɗaukar hoto. Suka ce za a yi rabon risho, suna so su ga macen da ta fi kowa harka da itace a garin.

Mai'unguwa ya yi murna har kunne. A saninsa, in baƙo ya yi wannan tambaya, macen kirki yake nema. Ya aika aka gaya wa Uwar Ishaya ta shirya, gwamnati ta zo ganin tarinta. Ta yi wanka, ta ɗaura zanen zuwa coci, ta aro ɗankwalin Indo mai ruwan goro. Mata suka biyo ta da guɗa. Ta tsaya a gaban tarin ta miƙe ƙirji. Mai hoto ya ce ta riƙe gatari, ta ce ai gatarin na faskare ne, ya ce ba komai, riƙe dai, Mama, ɗaga sama. Ta ɗaga, tana dariya. Oga Alexander ya zagaya tarin sau biyu yana girgiza kai, yana rubutu, Mai'unguwa na bin sa yana ƙara masa bayani: "Ita kaɗai, Oga! Ba wanda ya taya ta! Shekara talatin da wani abu!"

Bayan wata biyu aka yi bikin rabo. An kafa rumfuna, an kawo kujeru da lasifika, manya sun yi jawabi da Turanci. Aka dasa 'yan tsirrai a bakin hanya, da tsakar rani, aka zuba musu ruwan gora ana tafi. Aka kafa dogon ƙarfe mai farantin hasken rana a dandali. Mata suka yi layi, kowace ta karɓi risho kore. Aka kuma raba kalanda, kuma ga Uwar Ishaya a jiki, gatari a sama, tarin a bayanta kamar dutse.

Ta kawo wa Indo kalandar da gudu-gudu. "Ka gan ni? Ka ga ɗankwalinka? Karanta mini, me suka rubuta?"

Indo ta yi aji uku a firamare kafin a cire ta, tana haɗa baƙi a hankali. Ta bi rubutun da yatsa. An sa da Turanci a sama, da Hausa a ƙasa: GA MASU KASHE MANA DAJI. Ta sake bi, ko ta yi kuskure. Ba ta iya ƙarya ba, gaskiyar kuma ta ƙi fita.

Ta ce, "Suna cewa ne a daina kashe daji, Yaya."

"Gaskiya ne," in ji Uwar Ishaya. Ta je ta rataye ta a ɗakinta, kusa da gicciye.

A kasuwar Gwagwalada ta ji sauran. An manna hoton a tasha, an manna a bakin asibiti. Tana shiga da daminta 'yan kamasho suka ɗauka: "Ga Mama Gatari! Mama, saura bishiya nawa?" Wani ya ce, "A ɓoye benci, kar ta faskara!" Tun tana dariya tare da su har wata mai tumatir ta ja ta gefe ta fassara mata. Ta dawo gida ba ta sayar ba. Ta tsaya a bakin zanar Indo, ba ta shiga ba.

"Ka sani," ta ce.

Indo ta sunkuyar da kai.

"Da ka faɗa mini. Da a bakinka na ji, ba a bakin tasha ba."

Sati bai cika ba dogaran daji suka zo da tifa biyu. Indo na cikin suya ta ji ihu, ta bar kaskon ta fita. Ta tarar Uwar Ishaya ta baje hannuwa a jikin tarin, Mai'unguwa na roƙo hula a hannu.

Uwar Ishaya na cewa, "Oga, duba! Zaro ɗaya ka duba! Wanne ne ɗanye? Wanne na sare?"

Oga Alexander bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Mama, kowane busasshen itace ai dā ɗanye ne. Ni ba ni da hanyar sani. Doka ta ce wanda aka samu da itace mai yawa haka ba takarda, a kwashe. Hotonki ya kai har ofishin manya, an tambaye ni me na yi a kai. Ki gode Allah ba a ce a tafi da ke ba. Ba an ba ki risho ba?"

"A kan risho za a binne ni?"

Bai gane ba, ya ɗauka zafin rai ne. Mai'unguwa ya fara yi masa bayanin al'ada, ya duba agogo. Maza biyu suka janye ta, sauran suka hau. Abin da ta jera a shekara talatin da wani abu, kafin azahar sun watsa shi a tifa kamar shara. Har gungumen uwarta na can ƙasa, wanda ya yi baƙi ya yi santsi, sai da suka ɗaga. Suka bar duwatsu da toka. Inda aka kai shi, wasu sun ce gidajen burodi, wasu sun ce an ƙone. Indo ba ta gani ba, Allah ne masani.

Abin da ta gani shi ne, a wannan watan, a tsallaken titi, katafila na ture kaɗanya da ɗorawa za a yi rukunin gidaje. Aka tara su aka cinna musu wuta, hayaƙi ya yi kwanaki yana tashi. An kewaye wurin da waya, ko reshe ba a bari mace ta ɗauka ba. Tsirran biki awaki suka cinye waɗanda rana ta bari. Fitilar dandali ta yi damina ɗaya ta mutu, ba wanda ya zo duba ta. Kananzir kuma ya yi wuya, sai a wuni a layi a dawo da galan wayam. Rishon Uwar Ishaya kaza ce ta samu wurin ƙwai.

Daga nan matar ta fara raguwa. Ba ciwo ba, ba kwanciya ba, sai dai ta daina tsayawa hira, kafaɗar nan ta rusuna. Dajin da take shiga tun da suka tare a Tunga an sa masa alamu da jan fenti, dogarai na kama mata suna ƙwace ko tsinke. Ɗanta Ishaya, da ke aikin birkila a cikin birni, ya ce ta bar wahalar nan, in ranar ta zo zai sayi gawayi buhu goma. Ita kuwa ba ta daina shiga dajin ba.

Wata rana da hantsi ta shigo gidan Indo, karo na farko tun ranar kalanda. Ta kwance zane, ta fito da guntayen itacen kirya guda biyu da ta ɓoye a jikinta. Ta ce dogarai suna leƙa gidajen Gwarawa, amma ba sa shiga gidan matar malam. Ta roƙi Indo alfarma ɗaya, Indo ta ɗauka, ta ce in Allah Ya yarda. Da hannunta Uwar Ishaya ta jera duwatsu a bayan madafa, ta barbaɗa toka, ta ɗora guntayen.

Shekara shida tana kawowa, yau ɗaya, jibi biyu, wani sati ba ko ɗaya. Sau biyu ana kama ta, sau ɗaya har aka sa ta tsallen kwaɗo a gaban mutane, da furfurarta. Tarin ya kai gwiwa, ya kai ƙugu. Takan tsaya ta auna shi da jikinta ta ce, "Kwana ɗaya ya samu. Saura na biyu."

Na biyun bai samu ba. Idonta ya fara hazo, ƙafa ta ƙi, Ishaya ya zo ya ɗauke ta zuwa ɗakin da yake haya a Mararaba. Ran tafiya ta dafa tarin ta daɗe, sannan ta shiga mota.

Bayan tafiyarta aka canza dogarai, sababbin ba su san gidan malam ba, ko'ina faɗawa suke. Aka kwashe na wata mata a maƙwabta. Tsoro ya kama Indo, amana ce a wuyanta. Ta kwashe itacen ɗaya bayan ɗaya ta shigar da shi tsohon shagon Malam da ke rufe, ta jera a ƙasa a lungu, ta lulluɓe da tabarmi da buhuna, ta sa kwaɗo. Ita 'yar birni ce, ta tashi ana sayo itace dami-dami a ƙone a kwana uku. Ta ɗauka duwatsun nan da tokar duk cikin al'adarsu ne, irin abin da ba ruwan Musulma da shi. Kullum ta wuce takan taɓa kwaɗon ta ji hankalinta ya kwanta. Damina uku ba ta buɗe ba.

Ran wata Alhamis Mai'unguwa Yamusa ya yi sallama a bakin zana, ya tsufa, yana dogara sanda. Ya ce, "Matar Malam, 'yar'uwarki ta tafi. Jibi za a kai ta." Sannan ya ce, "Ni na kai mutanen gwamnati wurinta, kin sani."

Indo ta yi salati, ta ɗauko mabuɗi. Da ta ɗaga tabarma, tarin na nan yadda ta jera shi, sai dai jar ƙasa ta lulluɓe shi. Ta kama na sama, ya ruguje a hannunta kamar ƙosai. Ta kama na biyu, haka. Gara ta shiga ta ƙasa ta cinye cikin, ta bar ɓawo a tsaye. Ta durƙusa tana tonawa da hannu biyu, garar na bin damatsanta, tana ta kiran sunan Allah. Abin da ya tsira guntayen kirya ne, don ita gara ba ta iya mata. Guda tara.

Ta wanke su, ta ɗaure a tsohon zane, ta sa a jakar buhu don kada a gani a shingen hanya. Mota uku ta hau kafin ta kai Mararaba. Gidan haya ne mai ɗaki goma sha biyu, tsakar gida duk siminti. An riga an yi hayar masu girki, sun kafa manyan tukwane a kan gas. Matar Ishaya ta tarbe ta da mutunci, ta leƙa jakar ta ce, "Ayya, Mama Indo, da ba ki wahalar da kanki ba. Mai gida ma ya hana hura itace, yana ɓata fenti."

Indo ba ta yi musu ba. Ta zagaya bayan katanga, kusa da kwata, ta samo duwatsu uku. Ta ari ƙaramar tukunya, ta auno garin dawa. Wasu tsofaffin mata uku daga Tunga suka hango hayaƙi suka zagayo, suka tsaya. Ɗaya ta tambaya da Hausa, "Nata ne?" Indo ta ce nata ne. Ba su tambayi sauran ba, ita ma ba ta iya faɗa ba a ranar. Suka tsuguna. Kirya ta kama, wuta mai kyau, ba hayaƙi sosai. Tuwo tukunya ɗaya ya dahu, su huɗu suka ci a kwano ɗaya, a can cikin gida ana rabon shinkafa a robobi. Kafin la'asar wutar ta zama toka.

Babbar cikinsu ta tona tokar da tsinke, ta ce, "Rabin wuni." Ba da zargi ta faɗa ba. Aunawa kawai ta yi, yadda aka saba.

Indo ta koma Tunga, ta share shagon, ta fitar da jar ƙasar kwando-kwando. Duwatsun bayan madafa kuwa ta bar su a inda mai su ta jera su. Takan yi alwala a kusa da su, kuma ba ta cika kallonsu ba, don in ta kalla sai ta ga matar tsaye, tana gyara zane bayan ta fito da guntayen farko, tana cewa:

"Indo, ni ban iya karatu ba, ban tara komai ba sai wannan. Ka ajiye mini. Ran da aka ce maka na tafi, ko kana ina, ka kawo shi ka hura da hannunka. Kar ka bari a sallame ni da wutan aro."